JAWABI KAN LAMBA M83, CIWON LAUSHIN ƘASHI NA MANYA



Magana ta yau a kan wata lamba ce da ake gani bisa takardun manyan asibitoci, musamman waɗanda ƴan uwanmu ke kawowa daga waje. Ƙungiyar Lahiya ta Duniya, OMS, tana da kundi wanda ya ba kowace cuta lambarta, don lokotoro na Maraɗi da na Faransa su gane juna ko da ba su jin harshe guda. Bugu na 10, CIM-10, an amince da shi a 1990. Bugu na 11 ya fara aiki a Janairu 2022, amma ƙasashe da yawa suna nan kan na 10.

Cikin CIM-10, M83 na nuhin laushin ƙashi ga babban mutum, wanda ake ce ma ostéomalacie da faransanci. Ƙashi kamar tubali ne, sai da sinadarin kalsiyom da fosfat yake yin ƙwari. Bitamin D ke taimakon hanji ya tsotso su daga abinci, kuma fatar mutum ke yin mafi yawansa in rana ta taɓa ta. In ɗaya ya yi ƙaranci, sabon ƙashin da jiki ke ginawa sai ya tsaya ɗanye. Mutum ya riƙa jin ciwo a ƙugu, da baya, da haƙarƙari, da cinyoyi. Tashi daga tabarma ya gagara sai da dafa ƙasa. Tahiya ta koma ta agwagwa. Faɗuwa kaɗan, sai karaya. Mu kuwa mukan ce sanyin ƙashi ne, ko tsuhwa, ko sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe har shekaru su wuce.

To, ku lura da lambar da ke bayan ɗigo, ita ke faɗin dalili:

M83.0, na mai jego. Ciki da goyo bi da bi suna ɗibar kalsiyom daga jikin uwa. In ƙashin ƙugu ya lanƙwashe, haihuwa ta gaba tana iya yin gardama.
M83.1, na tsohwahi.
M83.2, na wanda hanjinsa ba ya tsotsar abinci da kyau, kamar wanda aka yi ma aikin tumbi ko hanji.
M83.3, na ƙarancin cimaka.
M83.4, na taruwar alminiyom cikin ƙashi, wanda aka hi sani ga masu wankin ƙoda.
M83.5, na magani, kamar Gardénal da masu farfaɗiya ke sha shekara da shekaru.
M83.8, wasu dalilai. M83.9, ba a bayyana dalili ba.

Na yara, mai gwame ƙahwahu, lambarsa dabam, E55.0. Zaizayewar ƙashi kuma, wadda ta hi kama mata bayan ɗaukewar haila, tana M80 da M81, maganinta ba ɗaya ba ne da wannan.

Dattawa, ga inda maganar ta shahe mu. Awon jini da hoton ƙashi suna nuna cutar, amma dalilinta sau da yawa daga bakin majinyaci yake hitowa. In maigida ya kai iyalinsa, ya tsaya yana amsa mata tambaya da "lahiya lau", ba a faɗi haihuwa nawa ta yi ba, ba a faɗi cewa ba ta hita rana ba, lokotoro yana iya rasa dalili. In an ɓoye farfaɗiya don kunya, haka nan. Magani kuwa dalili yake bi: mai ciwon hanji yana bukatar bitamin D hiye da wanda rana kawai ya rasa. Mai shan Gardénal kada ya daina da kansa, lokotoro ne zai ƙara masa abin da ya rasa.

Ƙasarmu ba ta rasa rana ba, amma mace mai kulle da tsohon da ke kwance ɗaka suna iya rasa ta. Ku bar su su sha hantsi a tsakar gida, hannuwa da ƙahwahu a buɗe. Ƴan uwanmu na Turai su kula ƙwarai: baƙar fata tana bukatar rana da yawa, ranar hunturu ta can kuwa ba ta da ƙarhi. Hatsi kaɗai ba ya ba da kalsiyom isasshe. A ƙara nono cikin hura, a ci zogale, da kuka, da riɗi, da ƙananan kihi tare da ƙayarsu.

Cutar tana warkewa. Da bitamin D da kalsiyom bisa umurnin lokotoro, ciwo kan ragu cikin makonni, ƙashi ya yi ƙwari cikin watanni. Kada a saye shi a tebur a sha barkatai, yawansa na ɓata ƙoda. Ku adana takardunku cikin leda, ku tahi da su duk asibitin da za ku. Wanda bai iya karatu ba, ya ba ɗan lakwal ya duba masa lambar, ya kuma tambayi lokotoro ma'anarta.

Allah ya ba marasa lahiya sauƙi.