Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



Kowa a nan ya shaida abin da ya faru a 2020. A watan Janairu masana suka bayyana tsarin ƙwayar cutar korona, kafin Disamba ta ƙare har an soma yi wa mutane allurar rigakafinta a Ingila. Aikin da aka saba yi cikin shekara goma, sai ga shi an gama cikin wata goma sha ɗaya. Dalili kuwa shi ne, an daɗe ana binciken dangin wannan ƙwaya, kuma manyan ƙasashe suka zuba dukiya, don wutar ta kama gemunsu.

To, mu juyo gida. Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, annobar da muka fi sani ita ce sanƙarau, wadda ke zuwa da zafin bazara. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Amma sai a 2010 aka sami allurar MenAfriVac, wadda ta karya lagon nau'in A. Shekara goma sha huɗu ke nan muna jira.

Muna cikin murna, sai nau'in C ya ɓarke a Zamfara ƙarshen 2016, ya ci rai sama da dubu a ƙasar nan cikin 2017. Waccan allura ba ta kare mutum daga C, wadda ke yi kuwa ta yi ƙaranci a duniya. Sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta yi amfani da Men5CV, mai maganin nau'i biyar. Duk alluran nan biyu a Indiya aka sarrafa su.

Abin takaici, da can muna da ɗakin sarrafa alluran rigakafi a Yaba, Legas, ya daina aiki a 1991.

'Yan'uwa, mai jiran tuwon maƙwabci da yunwa yake kwana. Yaron Nasarawa Burkullu da wuyansa ya sanƙare ba zai iya jiran jirgi daga ƙetare ba. Saboda haka wajibinmu ne, ɗalibai mu rungumi ilmin kimiyya, ma'aikata kuma mu matsa a ware kuɗin bincike tun annoba ba ta zo ba.

Allah ya kiyashe mu.