Littafin Godiya: Jawabi ga Ɗaliban Batsari da Safana



Mu Hausawa ba mu rasa kalmar godiya ba. Da an ce mana "Ina aiki?" sai mu ce "Da godiya," tun ba mu tuna abin da muke godiya a kansa ba. Shawararmu ita ce, kowa ya tanadi ɗan littafi, in dare ya yi ya rubuta alherin da ya same shi a ranar.

A shekarar 2003, masana biyu na Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun ba da sakamakon wani gwaji. Ɗaliban da aka sa su riƙa rubuta abin godiya biyar kowane mako sun fi waɗanda aka sa lissafa ɓacin rai jin daɗin zamansu.

Amma fa kada kullum a rubuta "lafiya" da "abinci". Wannan gaisuwa ce aka mayar takarda. A kama suna, a faɗi wuri. Duk wanda ya tashi a bakin dajin Rugu ya san ba ƙaramin abu ba ne uba ya tafi gonar rogo ya komo gida lafiya, balle bayan harin Tsauwa da Dankar na Fabrairun 2020. Shi za a rubuta, da direban da ya ɗauko mu daga Runka, da maƙwabciyar da ta sauki 'yan gudun hijira a ɗakinta.

In an tafi hutu kuwa, a nemi mutum ɗaya cikin sunayen nan, a gode masa baki da baki.