Idan Majalisa Ta Kira Minista



An nemi in yi magana a kan yadda 'yan majalisa ke bin diddigin ministoci game da manufofin da suke aiwatarwa da kuɗin da suke kashewa. Zan tsaya a kan Majalisar Dokoki ta Tarayyar Najeriya, mai sanatoci 109 da wakilai 360, tunda mu muka zaɓe ta, kuma dukiyarmu ce take rabawa duk shekara.

A Jamhuriya ta Farko minista ɗan majalisa ne. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministocinsa a cikin zauren suke zama, ɗan hamayya ya miƙe ya jefo tambaya, minista ya miƙe ya amsa, kuma da majalisa za ta janye goyon bayanta, gwamnati ta faɗi ke nan. Wannan tsarin Ingila ne muka gada. Daga 1979 muka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Yau in aka naɗa sanata minista, da ya sha rantsuwa kujerarsa ta majalisa ta tafi. Minista ya zama baƙo a majalisa. Shugaban ƙasa ne ya ɗauko shi, shi kaɗai kuma ke iya sallamarsa. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Duk da haka kundin tsarin mulki na 1999 bai bar majalisa hannu rabbana ba. Sashe na 67 ya wajabta wa minista ya hallara in an gayyace shi ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 ya ba ta ikon bincikar duk wanda ke kashe kuɗin da ta ware, domin ta tona cin hanci da rashin iya aiki da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon aika sammaci, da rantsar da mai ba da shaida, har da sa a kamo wanda ya ƙi zuwa. Sashe na 80 kuwa ya ce ba a taɓa ko kwabo a asusun gwamnati sai da izininta. A rubuce, babu abin da ya rage.

Damar farko tana zuwa ne tun kafin mutum ya shiga ofis, ranar da Majalisar Dattawa ke tantance shi. A nan ake fara asara. Shugaban ƙasa yakan aiko da sunaye ba tare da ya faɗi ma'aikatar da zai ba kowa ba, sai ka ga ana yi wa mutum tambaya a kan noma, mako mai zuwa a ba shi sufuri. Wanda kuma ya taɓa zama a majalisa, al'ada ta ce ya rusuna ya wuce, ba a tambaye shi komai ba. To wanda ba a karɓi alkawarinsa ba ranar shiga, da me za a kama shi bayan shekara biyu?

Bari mu dubi lokacin da majalisa ta yi aiki da ikonta da gaske. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Da yawa a ɗakin nan kuna tuna yadda Kano da Legas da Kaduna suka tsaya cik. Majalisar Wakilai ta katse hutunta, ta zauna ranar Lahadi, ta kafa kwamiti ƙarƙashin Faruk Lawan na Kano. Aka yi ta zaman sauraren ba'asi a gaban talabijin. Ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta zo, ministar man fetur Diezani Alison-Madueke ta zo, shugabannin NNPC da na Babban Banki da 'yan kasuwar mai duk suka zo. Abin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai shi ne kowace hukuma da nata adadin. Ka tambayi wannan nawa aka biya na tallafi ya faɗi nasa, ka juya ga wancan ya faɗi wani daban, dukkansu a gwamnati ɗaya.

A watan Afrilu rahoto ya fito. Kasafin 2011 ya ware naira biliyan 245 domin tallafi, amma kwamitin ya gano an kashe fiye da tiriliyan biyu da rabi, wato ninki goma. Kamfanonin da ke shigo da mai sun tashi daga 19 a 2008 zuwa 140 a 2011, wasunsu sun karɓi kuɗin man da ba su kawo ba. Kwamitin ya nemi a dawo da fiye da tiriliyan ɗaya. Ban san wata hanya da talaka zai ji waɗannan lambobi ba in ba don wannan zama ba, kuma dole a yaba wa majalisa a kansa.

Sai me ya biyo baya? Ministar man fetur ta ci gaba da zama a kujerarta har ƙarshen gwamnatin a 2015. Shugaban kwamitin kuwa shi aka kama da laifin karɓar dala 500,000 daga ɗan kasuwa Femi Otedola domin a cire sunan kamfaninsa daga jerin waɗanda ake tuhuma. Kotu ta ɗaure shi a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a Janairun 2024. Abin baƙin cikin shi ne, daga ranar da wannan magana ta fasu, duk wanda rahoton ya ambata ya sami abin kāre kansa. Aka bar batun tiriliyoyi aka koma batun dalar mutum guda.

Haka a 2013, da aka ji wata hukuma a ƙarƙashin ma'aikatar jiragen sama ta sayi motoci biyu masu sulke a kan naira miliyan 255, Majalisar Wakilai ta bincika, ta shawarci shugaban ƙasa ya sake duba zaman minista Stella Oduah a muƙaminta. Shawara ce kawai. Sai a Fabrairun 2014 aka sauke ta, lokacin da shugaban ƙasa ya ga dama.

Wannan ya sa nake ganin mun ɗora fatanmu a inda bai dace ba. Muna son ranar da za a titsiye minista a gaban kyamara, gumi na karyo masa. Amma ƙudurin majalisa ba ya korar kowa, minista kuma ya san haka, shi ya sa wani lokaci yake turo babban sakatare ko ya ce ya yi tafiya. Makamin da ba ya buƙatar yardar shugaban ƙasa shi ne kuɗi. Duk shekara kowane minista sai ya zo gaban kwamiti ya kāre kasafin ma'aikatarsa. A wannan zama kwamiti na iya cewa: bara mun ba ka kaza domin asibiti kaza, nuna mana takardar kwangila, nuna mana ginin, in ba haka ba wannan layin ba zai wuce ba. Minista na iya raina sammaci, amma ba ya raina a riƙe masa kasafi.

Dubi yadda aka yi sakaci da wannan makami. Dokar Babban Banki ta 2007 ta yarda banki ya ranta wa gwamnati kuɗi in ta shiga matsi, amma kada ya wuce kashi biyar cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. A zamanin gwamnatin Muhammadu Buhari wannan rance ya taru har naira tiriliyan 22.7. Shekara da shekaru ministocin kuɗi suna zuwa kāre kasafi, ana cin wannan bashi, ba a tsayar da shi ba. A watan Mayun 2023, saura makonni gwamnati ta sauka, Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango. An kashe kuɗin tukuna, sannan aka zo neman izini. Buga kuɗi irin wannan na cikin abubuwan da ke rage wa naira daraja, kuma matar da ke auna masara da gwangwani ita ke biya.

Akwai kuma aikin da ba ya jan hankalin kowa, wanda a ganina ya fi duka muhimmanci. Sashe na 85 ya ce Odita Janar ya binciki asusun gwamnati, ya miƙa wa majalisa rahoto cikin kwana casa'in da karɓar lissafin Akanta Janar, kowace majalisa kuma ta ba kwamitinta na asusun gwamnati ya duba. Irin wannan kwamiti a Ingila aka fara shi a 1861, kuma a can da nan al'ada ta ba ɗan hamayya shugabancinsa, saboda ɗan jam'iyya mai mulki ba zai so ya tona asirin gidansu ba. A cikin rahoton odita ne za ka ga kuɗin tafiya da aka karɓa ba a kawo rasit ba, da kwangilar da aka biya ba a yi ba, da harajin da aka cire ba a kai baitulmali ba. Amma rahoton yakan makara da shekaru. Kafin ya iso, ministan ya sauka, babban sakatare ya yi ritaya, wataƙila ma ministan ya zama sanata yana zaune a majalisar da za ta karanta rahoton.

Me ya sa majalisa ke sassauta hannu? Wani ɓangare na amsar yana cikin ayyukan mazaɓu. Ɗan majalisa yana sa rijiyoyin burtsatse da fitilu masu aiki da hasken rana da kekunan ɗinki a cikin kasafin wata ma'aikata, kuma ministan wannan ma'aikata ne zai saki kuɗin. Gobe shi ne zai zauna ya tuhumi ministan. Idan baki ya ci, dole ido ya ji kunya. A zaman binciken hukumar raya yankin Neja Delta a Yulin 2020, da Godswill Akpabio, wanda yake minista a lokacin, ya fara cewa 'yan majalisa na cikin masu samun kwangilolin hukumar, sai mai jagorantar zaman ya shiga roƙonsa ya kashe makirufo. Duk ƙasa ta gani. Waɗanda suka ɗaga murya daga cikin gida kuma sun ɗanɗana: an dakatar da ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin a 2016 bayan ya yi zargin an yi cushe a kasafi, an dakatar da Sanata Abdul Ningi a Maris na 2024 bayan ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa akwai tiriliyoyi a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Ko suna da gaskiya ko ba su da ita, bincike a bainar jama'a ya kamata ya raba gardama.

Mu ma da namu laifin. Ɗan majalisar da ya kwana yana karanta rahoton odita, in ya dawo gida ba mai tambayarsa abin da ya gano. Tambayarmu ita ce ina babur, ina taki, ina kujerar Makka. Mun mayar da shi ƙaramin minista, shi kuwa dole ya lallaɓi babban ministan don ya samo abin da zai raba.

Ɗalibai, ga aikin da nake roƙon ku ɗauka. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisar jiharku irin wannan iko a kan kwamishinoni, kowace jiha kuma tana da nata Odita Janar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ku nemi takarda, ta amsa cikin kwana bakwai. Ku ɗauki kasafin bara, ku nemo ayyuka uku da aka rubuta da sunan ƙaramar hukumarku, ku je ku gani da idonku, ku ɗauki hoto. Sannan ku rubuta wa wakilinku ku tambaye shi wane kwamiti yake ciki, da abin da ya tambayi minista a kan waɗannan ayyuka ranar kāre kasafi.