Jawabi a kan Dorothy Hodgkin, Mai Binciken Siffar Magunguna



Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya san allurar fanisilin. To, yau zan ba ku labarin matar da ta gano yadda a ka gina maganin nan, watau Dorothy Hodgkin, Baturiyar Ingila. A Alƙahira a ka haife ta cikin 1910, ubanta kuwa ya yi aikin ilmi a Masar da Sudan. Ta yi karatun kimiyya a Jami'ar Oksfod, ta ƙaro ilmi a Kambirij, sa'an nan ta komo Oksfod cikin 1934 ta kama koyarwa.

Ga yadda aikinta ya ke. Ku dubi ƙwayar gishiri ko ta sukari. A cikinta akwai zarra-zarra jere sahu-sahu kamar tubali a gini, amma ƙanƙantarsu ta fi ƙarfin ido, har ma da madubin likita. Sai a harba wa ƙwayar irin hasken da a ke ɗaukar hoton ƙirji da shi. Hasken ya bugi sahun nan ya warwatsu, ya bar ɗigo-ɗigo a jikin takardar hoto. Daga wurin da kowane ɗigo ya faɗa, da ƙarfin duhunsa, a ke lissafa mazaunin kowace zarra, kamar yadda mai bin sawu ke gane dabba bai gan ta ba. Malaman da su ka san wahalar lissafin haraji su ƙaddara lissafin da a kan shekara a na yinsa ba a gama ba.

Da wannan dabara ta warware gardamar masana a kan siffar fanisilin cikin 1945. Bayan kamar shekara goma ta bayyana ta bitamin B12, maganin wani mugun ƙarancin jini. Wanda ya fi ba ta wuya shi ne insulin, maganin ciwon sukari: tun wajen 1934 ta ke fama da shi, sai cikin 1969 Allah ya nufa. Duk wannan kuwa da yatsun da sanyin ƙashi ya lanƙwasa tun ta na da ƙuruciya. A ganina wannan haƙuri ya fi gwanintar ban mamaki.

Cikin 1964 a ka ba ta kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, ita ce mace ta uku da ta samu. Labarin ya iske ta a Ghana, inda mijinta Thomas Hodgkin, marubucin tarihin Nijeriya, ya ke shugabancin sashen nazarin Afirka na jami'ar ƙasar. Ta rasu cikin 1994.