Zaɓen Bututun Matsattsiyar Iska a Ɗakin Aiki



Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci, ko garejin masu fentin mota, ko ɗakin koyon sana'a na wata kwalejin fasaha, ya san ƙarar injin matsa iska, wanda kanikawa ke kira kwamfaresa. Shi ake gani, shi ake ji, kuma a kansa kwamitin sayen kaya kan daɗe yana muhawara. Bututun da zai ɗauki iskar daga tanki zuwa hannun ma'aikaci kuwa, galibi layi ɗaya ake ba shi a takardar kwangila, a bar wa ɗan kwangila ya sa abin da ya samu a kasuwa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa wannan layi ɗaya yana iya jawo hasarar kuɗi shekara da shekaru, har ma da hasarar ido ko rai.

Tun a shekarar 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa gwargwadon yadda aka matsa iska, gwargwadon yadda wurin da take ci yake raguwa. Yawancin ɗakunan aiki suna amfani da matsin da ya kai bar 7, watau kimanin fam 100 a kan kowane murabba'in inci. A wannan matsi, iskar da za ta cika ɗaki takwas ce aka cusa cikin ɗaki ɗaya, kuma ba abin da take nema sai ta koma yadda take. Ruwa ba haka yake ba, domin kusan ba ya matsuwa. Idan bututun ruwa ya tsage, sai ya yi tsartuwa, matsin ya faɗi nan take. Idan na iska ya tsage, ƙarfin nan da aka tara yakan fita gaba ɗaya, ya kwashi duk abin da ya ɓalle ya yi jifa da shi.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a yarda da bututun roba na PVC ba, irin wanda masu aikin famfo ke sa wa gidaje. Jarabarsa tana da yawa: ga araha, ga sauƙin yanka, ga shi kuma an rubuta a jikinsa wani matsi da ya zarce na kwamfaresa. Amma wannan rubutu na ruwa ne, a kan zafin digiri 23. Da zafi ya kai digiri 43, ƙarfin bututun ya ragu zuwa kusan rabi, a digiri 60 kuma abin da ya rage bai kai rubu'i ba. Wanda ya san ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ya san digiri 43 ba wani abin mamaki ba ne, balle ga iskar da ta fito daga inji da zafinta. Bugu da ƙari, hasken rana da man injin da ke bin iskar suna raunana robar. Ran da guduma ta kuɓuce ta buge shi, tarwatsewa yake yi kamar kwalba, tsinin ɓaraguzansa su bazu a ɗakin. A shekarar 1988 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta fitar da takardar gargaɗi a kan amfani da shi wajen ɗaukar matsattsiyar iska a sarari. Akwai wasu irin roba da aka ƙera musamman domin iska, to amma sai in maƙerin ne da kansa ya rubuta haka. Maganar mai shago ba hujja ba ce.

Abu na biyu shi ne ruwa, kuma a nan ne mutane da yawa ke mamaki. A tsakiyar damina, in zafi ya kai digiri 30 kuma laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kowane mita kubik na iska yana ɗauke da kimanin giram 24 na tururin ruwa. Injin da ke zuƙar mita kubik ɗaya a minti, cikin awa 8 ya zuƙi ruwan da ya haura kilo 11. Da aka matse iskar ta kuma huce, abin da za ta iya riƙewa bai kai kilo 3 ba. Saura kusan lita 9 ke nan a yini guda, wani ya kwanta a tanki, wani ya bi bututu. Mai fenti ya fi kowa sanin wannan, domin ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata masa ƙofar mota. Da hunturu ruwan yakan ragu ƙwarai, sai ƙura ta karɓi aikin ɓarna.

Saboda haka, tambayar da za a yi wa kowane ƙarfe ita ce yaya zai zauna da ruwa. Baƙin ƙarfe yana da ƙwari, yana jure duka da zafi, kuma shi ne aka fi sabawa da shi, amma daga ciki yake tsatsa inda ido ba ya gani. Tsatsar tana rage faɗin hanya, tana kuma ɓanɓarowa ta shiga kayan aiki ta cinye su. Wanda aka shafe da tutiya ya fi daɗewa, sai dai in ya tsufa shafen ma yakan ɓanɓare, kuma dukansu biyu ana haɗa su da zare, kowane mahaɗi kuwa ƙofar yoyo ce. Jan ƙarfe ba ya irin wannan tsatsa, cikinsa santsi ne, kuma yana saurin sanyaya iska. Aibinsa tsada, da bukatar gwanin haɗi, da kuma cewa ɓarayin ƙarfe suna sonsa. Bututun alminiyam da aka yi domin iska ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ana iya kwance shi a sake tsari, amma kafin a zaɓe shi ya kamata a tabbata za a sami mahaɗansa a kusa ran da aka bukaci ƙari. Ga ƙaramin gareji mai ƙarancin kuɗi, ƙarfen da aka shafe da tutiya tare da matata mai kyau a bakin kowane wurin aiki ya wadatar. Ga ɗakin fenti ko ɗakin gwaje-gwaje, jan ƙarfe ko alminiyam ya fi dacewa.

Faɗin bututu ma ya fi irin ƙarfensa muhimmanci ta fuskar kuɗi. Iska tana gogar jikin bututu tana tafiya, matsinta na raguwa, kuma wannan raguwa tana da alaƙa mai tsanani da faɗi: in aka ninka faɗin sau biyu, hasarar matsi takan ragu wajen sau 30. Yawancin kayan aikin iska an ƙera su ne su sami bar 6.3 a bakinsu. To, in siririn bututu ya cinye bar ɗaya a hanya, abin da kanike zai yi shi ne ya je ya ƙara wa inji matsi, alhali kowane bar ɗaya da aka ƙara yana ƙara cin wuta da kimanin kashi 7 cikin 100. A ma'aikatar da ke dogara da janareta, wannan man dizal ne ake ƙonawa kullum saboda rabin inci da aka rage ran sayayya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan ko sauƙin aljihu ba ta kawowa. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada gudun iska a babban bututu ya wuce kimanin mita 6 a sakan, kuma a yi lissafi da kayan aikin da za a ƙaro nan gaba.

Sai yadda za a shimfiɗa shi. Ana haɗa inji da bututu da guntun tiyo mai jure zafi, don kada girgiza ta sassauta mahaɗai. Babban bututu yakan kewaye ɗakin ya dawo ya haɗu da kansa, ta yadda iska za ta iso wa kowane ma'aikaci ta fuska biyu. Ana ba shi 'yar gangara, kamar santimita ɗaya a kowane mita, zuwa inda aka sa bawul ɗin zubar da ruwa. Kowane reshe kuma daga saman babban bututu ake fitar da shi, ya lanƙwasa sa'an nan ya sauko, domin ruwa a ƙasa yake kwanciya. Mai aikin famfo da ya saba da ruwan gida yakan fitar da reshe daga ƙasa, ya zama ya yi wa ruwa magudana kai tsaye zuwa bindigar fenti.

Kafin jami'i ya sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila, akwai gwajin da ba ya bukatar komai sai agogo da ruwan sabulu. A cika tanki, a rufe dukan kayan aiki, a kashe inji, a zuba wa allurar awon matsi ido. In ta ci gaba da sauka bayan iskar ta huce, akwai yoyo, sai a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu, inda kumfa ta tashi nan ne. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa yoyo kan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da inji ke samarwa a masana'antar da ba a kula da ita. Huji ɗaya mai faɗin milimita 3 yana zubar da kusan lita 10 a kowane sakan, watau wajen rabin abin da inji mai kilowat 7.5 ke bayarwa, kuma cikin hayaniyar ɗakin aiki da wuya wani ya ji sautinsa.