Karin Sauti da Tsawon Gaɓa a Harshen Tai



Yau za mu leƙa ƙasar Tailan ne, mu ga yadda harshenta yake sarrafa murya. Harshen Tai yana da karin sauti iri biyar: na tsakiya, na ƙasa, na sama, mai faɗuwa da mai tashi. Ɗauki kalmar "khaa". In aka faɗe ta da karin sama, ciniki ake nufi. Da mai tashi, ƙafa. Da mai faɗuwa kuwa, ko daraja ko kisa. Baƙon da ya yi sakaci a kasuwar Bankok, sai ya je tambayar farashi ya ɓuge da zancen kisa.

To, mene ne kunne yake kamawa? Saurin kaɗawar tantanin maƙwallato ne. A muryar namiji yakan kaɗa kamar sau 120 a daƙiƙa guda; in ya ƙara sauri murya ta hau, in ya rage ta sauka. A 1962 Arthur Abramson, masanin furuci na Amurka, ya auna wannan da na'ura, ya nuna cewa hawa da saukar nan su ne ginshiƙin rarrabe karin biyar ɗin. Ya kuma tarar dogon wasali yakan ninka gajere a tsawo. Shi ya sa "khao" mai faɗuwa take nufin shiga, "khaao" kuma shinkafa. Mu da muke da "gari" na zama da "gari" na tuwo, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko da yake bokonmu ya ɓoye shi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, kari yana bukatar fili. Gaɓar da ta ƙare da dogon wasali, ko da baƙin hanci irin m da n, tana ɗaukar duk biyar ɗin, masanan Tai kuma suna kiranta rayayyiya. Wadda p, t ko k suka datse, ko ta tsaya cak a kan gajeren wasali, matacciya ce. A asalin kalmomin harshen, in wasalinta gajere ne, galibi karin sama ko na ƙasa take ɗauka. In dogo ne, na ƙasa ko mai faɗuwa. Mai tashi ba ya samun gurbi a nan, don kafin murya ta nutsa ta taso, an riga an rufe ƙofa. Haka mu ma, faɗau ba ya sauka sai a kan gaɓa mai nauyi, kamar a "yara" ko "kai" na jiki.