Gilashin da ke nuna wa makaniki inda ciwon mutum-mutumi yake

Yau zan kai ku cikin masana'antar ƙera motoci, inda manyan hannayen ƙarfe ke walda da fenti ba dare ba rana. Tun 1961 kamfanin General Motors a Amurka ya fara sa irin wannan mutum-mutumi aiki. To in ɗaya ya tsaya fa? Layin gaba ɗaya ne ke tsayawa, kowane minti asara ce.

A nan fasahar AR ke shigowa. Kun san yadda Snapchat ke ɗora maka kunnen kare a fuska? To irinta ce, sai dai wannan ba wasa ba ne. Makaniki zai sa gilashi irin HoloLens na Microsoft, ko ya ɗaga waya ya saita kyamara kan injin. Yana kallon ƙarfen na gaske, a kansa kuma ga kibiya tana nuna masa gaɓar da ta ɗau zafi, da notin da zai fara kwancewa. In abin ya gagara, ƙwararre a Jamus ko Japan zai ga abin da yake gani kai tsaye, ya zana masa da'ira kan wayar da ta tsinke. Ba sai an jira ya hau jirgi ba.

Amma ku saurara, gilashi ba ya kashe wuta. A 1979 hannun mutum-mutumi ya kashe wani ma'aikacin Ford a jihar Michigan. Har yau ƙa'idar ita ce ka yanke lantarki, ka sa kwaɗo a makunni, sannan ka shiga kejin. Kuma in zanen da ke cikin kwamfuta ya saɓa da injin da ke gabanka, kibiyar za ta nuna maka wurin da ba shi ba ne. Wanda bai san aikin ba zai bi ta ido rufe.

Shi ya sa nake gaya wa ƙannena masu karatun lantarki da kanikanci: ku riƙe tushe. Ku iya karanta zanen waya, ku san yadda mota da na'urar auna motsi ke aiki. Gilashin mai hannu yake taimaka wa.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.